BINDIGAR DA AKA KASHE YARA DA ITA, DA RASIT AKA SAYE TA

A ƙasar nan, duk sanda 'yan bindiga suka afka wa wani ƙauye a Zamfara ko Katsina ko Birnin Gwari, da zarar an dawo daga maƙabarta tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin jama'a: wai su waɗannan mutane a ina suke samun makamai? Amsoshin kuma sanannu ne. Wani ya ce ta sahara ake shigo da su tun bayan rugujewar Libiya a 2011, wani ya ce ta tashar jiragen ruwa, wani ya ce daga ma'ajiyar jami'an tsaro suke zurarewa. Ko wacce aka ɗauka, abu guda ya haɗa su: ɓarauniyar hanya bindigar ta bi, cikin dare, a ƙarƙashin buhunan hatsi, bayan an toshe bakin wani a kan hanya. Saboda haka mai karatu ya saba ɗaukar makamin kisa a matsayin kayan sata ko na fasa-ƙwauri, har idan ya ji a rediyo an ce wani ya buɗe wuta a wata makaranta a Amurka, sai ya zaci shi ma irin wannan hanya ya bi.

To a can abin ba haka yake ba. A Amurka, ƙasar da ta naɗa wa kanta rawanin malamar duniya, wadda kowace shekara take buga rahoto tana ba sauran ƙasashe maki a kan kare haƙƙin ɗan Adam, mafi yawan masu harbin kan mai uwa da wabi ba su san ɗan fasa-ƙwauri ba, ba su kuma bukatarsa. Kanti suka shiga da rana tsaka, suka ɗaga wannan suka ajiye, suka gwada waccan a kafaɗa, suka biya, aka ba su rasit, mai kanti ya yi masu godiya. Kada wani ya ce ƙazafin maƙiya ne. Ma'aikatar shari'ar Amurka ce da kanta ta ɗauki nauyin wani bincike da ta fitar da sakamakonsa a 2022, wanda ya bi tarihin mutum 172 da suka yi irin wannan ta'asa a bainar jama'a daga 1966 zuwa 2019. Abin da aka gano shi ne kashi 77 cikin 100 nasu sun sayi aƙalla wasu daga cikin makamansu ne ta hanyar da doka ta yarda da ita. Waɗanda kuwa suka yi harbi a makarantun firamare da sakandare, sama da kashi 80 cikin 100 a gida suka ɗauko bindigar, ta uba ce ko ta uwa ko ta wani ɗan'uwa. Wato dai ko kanti, ko ɗaki.

Mai karatu ya dubi abin da ya faru a garin Uvalde na jihar Teksas, don a nan ne asirin ya fi tonuwa. Wani yaro ne da ya bar makaranta, yana aiki a gidan sayar da abinci, yana tara ɗan abin da yake samu. Tun yana ɗan shekara 17 ya roƙi wasu na kusa da shi su saya masa bindiga, suka ƙi. Halinsa bai ɓoyu ba, har abokan hirarsa a intanet sun laƙaba masa sunan mai harbi a makaranta. Sai ya haƙura ya jira kalanda. Ranar 16 ga Mayu 2022 ya cika shekara 18, kuma cikin kwana huɗu da suka biyo baya ya mallaki bindigogi biyu samfurin AR-15, wato 'yar'uwar M16 ta sojojin Amurka, wadda ba a tsayawa ɗana ta, duk jan kunama sai harsashi ya fita, gidan harsashinta kuma yana cin 30. Ɗaya a kantin garin ya saye ta. Ɗayar, ta kamfanin Daniel Defense, mai kuɗi sama da dala 2,000, ta intanet ya yi odarta aka aiko da ita kantin ya je ya karɓa. Ya haɗa da harsasai sama da 2,000. An binciki sunansa kamar yadda doka ta ce, aka ga babu laifi a kansa, aka miƙa masa kayansa. Ba wanda ya tambaye shi, kai yaro, yaƙin wa za ka je?

Ranar 24 ga Mayu, kwana takwas da cikarsa shekara 18, ya harbi kakarsa a fuska, ya wuce makarantar firamare ta Robb, ya kashe yara 19 'yan aji huɗu da malamansu mata biyu. Irin ɓarnar da wannan bindiga ke yi wa jikin ƙaramin yaro ta kai sai da aka nemi iyaye su ba da samfurin ƙwayoyin halittarsu kafin a iya gane gawar wasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Abin lura a nan shi ne, a ranar da wannan yaro ya sayi makaminsa, da giyar da suka halatta wa kansu ya nema, da an hana shi, don sai ɗan shekara 21 ake sayar wa. Da taba sigari ya nema, da an hana shi. Hasali ma da ƙaramar bindiga ya nema a wannan kanti, dokar tarayya ta ce sai ya kai 21. Amma babbar, mai kama da ta fagen fama, wannan halas ce ga ɗan 18. Wane irin hankali ne wannan? A 2023 iyayen yaran da aka kashe suka yi ta zarya zuwa majalisar dokokin Teksas, ɗauke da hotunan 'ya'yansu, suna roƙon a ɗaga shekarun sayen irin wannan bindiga zuwa 21. Ƙudurin ya tsallake kwamiti, daga nan aka bar shi har wa'adi ya wuce, ko ƙuri'a ba a kaɗa a kansa a zauren majalisa ba.

Kwana goma kafin Uvalde, ranar 14 ga Mayu, wani ɗan shekara 18 farar fata ya tuƙa mota ta sama da awa uku zuwa birnin Buffalo, don ya bincika ya ga unguwa ce ta baƙaƙen fata, ya shiga wani babban kanti ya kashe mutum 10, dukkansu baƙaƙe. Shekara guda kafin nan ya taɓa furta maganar kisa da kashe kai a makaranta, 'yan sanda suka kai shi asibiti a duba hankalinsa, aka sallame shi bayan kwana ɗaya da rabi. Bayan 'yan watanni ya shiga kanti ya sayi bindigarsa ƙirar Bushmaster, bincike ya wanke shi tas.

Shi wannan bincike da ake ta faɗa, ya kamata 'yan'uwa su san yadda yake, domin da shi ake yi wa duniya rufa-ido. Tun 1998 doka ta wajabta wa dillali mai lasisi ya tura sunan mai saye ga hukumar FBI, a duba ko an taɓa ɗaure shi a kan babban laifi, ko kotu ta tabbatar da taɓin hankalinsa, da makamantansu. Galibi cikin mintoci amsa take dawowa. A ido abin ya yi kyau. Amma rariya ce, kuma kowace huda an san da ita.

Ga ɗaya. Idan FBI ba ta gama binciken cikin kwana uku na aiki ba, dokar tarayya ta ba mai kanti damar ya miƙa bindigar haka nan. A watan Afrilu 2015 wani saurayi mai aƙidar fifikon farar fata ya je sayen ƙaramar bindiga a jihar Karolina ta Kudu. Yana da batun miyagun ƙwayoyi a hannun 'yan sanda wanda ya isa ya hana a sayar masa. Ma'aikaciyar da ke binciken ta tuntuɓi ofishin 'yan sandan da ba shi ba saboda kuskuren da ke cikin takardu, kwana uku suka cika, aka ba shi bindiga. Ranar 17 ga Yuni ya shiga cocin Emanuel na baƙaƙen fata a Charleston, suka karɓe shi hannu bibbiyu, ya zauna tare da su suna karatun littafinsu, sannan ya miƙe ya kashe tara. Shugaban FBI na lokacin, James Comey, ya fito ya amsa cewa bai kamata a ce an sayar masa ba. A 2021 gwamnati ta amince ta biya diyyar dala miliyan 88. Ita kuwa ƙa'idar kwana ukun tana nan daram a dokar tarayya.

Ga wata. Binciken ba ya ganin abin da ba a rubuta a cikinsa ba. Mutumin da ya kashe mutum 26 a cocin Sutherland Springs a Teksas, ranar 5 ga Nuwamba 2017, tsohon sojan sama ne wanda kotun soja ta ɗaure a 2012 saboda dukan matarsa da fasa ƙoƙon kan ɗanta ƙarami. Rundunar sojan saman ba ta tura hukuncin ga FBI ba, sai ya yi ta sayen bindigogi a kanti har guda huɗu. Ga kuma babbar hudar: dokar tarayya ba ta ɗora wa wanda ba dillali mai lasisi ba nauyin binciken kowa. Mutum na iya sayar da bindigarsa ga baƙon da bai taɓa gani ba kamar yadda ake sayar da tsohon keke. Wasu jihohi sun toshe wannan da dokokinsu, da yawa sun bar ta a buɗe. Ta nan aka samo uku daga cikin bindigogin da yara biyu suka yi kisa da su a makarantar Columbine a 1999, wata ƙawarsu 'yar shekara 18 ce ta saya masu a kasuwar baje kolin bindigogi. Ta nan kuma mutumin da ya kashe bakwai a Midland da Odessa a 2019 ya bi: kanti ya ƙi sayar masa a 2014 don bincike ya kama shi, sai ya je ya saya a hannun wani mutum a gida. An rufe masa ƙofa, an bar masa taga a buɗe.

Shi kuwa na Las Begas bai ma bukaci huda ba. Dattijo ne ɗan shekara 64, mai kuɗi, ba shi da tarihin laifi. Cikin shekara guda ya sayi bindigogi sama da 30, babu wata ƙararrawa da ta kaɗa a ko'ina, domin in ban da a jihohi huɗu na kan iyakar Meksiko, ba a wajabta wa kanti ya kai rahoton wanda ya sayi manyan bindigogi da yawa ba. Ya yi ta hawa da su cikin akwatuna zuwa ɗakinsa a hawa na 32 na wani otal. Daren 1 ga Oktoba 2017 ya yi wa masu kallon wasan kiɗa ruwan harsasai sama da 1,000 cikin kimanin minti goma, mutum 58 suka mutu, daga baya adadin ya kai 60. Wani ƙarfe da ya ɗaura wa bindigoginsa don ƙara masu sauri, gwamnati ta haramta shi bayan wannan, sai ga kotun ƙoli a watan Yuni 2024 ta soke haramcin.

Sai batun gida, wanda ya fi kowanne ban takaici. Yaron da ya kashe ƙananan yara 20 'yan shekara shida da bakwai, da manya shida, a makarantar Sandy Hook ranar 14 ga Disamba 2012, da bindigogin mahaifiyarsa ya yi. Ita ta saye su bisa doka, ita take kai shi filin koyon harbi, alhali ta fi kowa sanin ɗanta ba lafiyayye ba ne. Ita ya fara kashewa tana kwance a gadonta. A Oxford ta jihar Mishigan, a 2021, uba ne ya je kanti da ɗansa ɗan shekara 15 ya sayo ƙaramar bindiga, uwar ta sanar a intanet cewa kyautar Kirsimeti ce. Bayan kwana huɗu malama ta ga yaron ya zana bindiga da jini a takarda, ya rubuta yana neman a taimake shi. Aka kira iyayen makaranta a safiyar, suka gani, ba su ce akwai bindiga ba, ba su tafi da shi gida ba, suka koma harkokinsu. Bindigar tana cikin jakarsa. Kafin la'asar ya kashe ɗalibai huɗu. A 2024 kotu ta ɗaure uwar da uban shekara 10 zuwa 15 kowannensu, karo na farko da aka yi haka a tarihin ƙasar. A wannan shekarar dai, a jihar Jojiya, ɗan shekara 14 ya kashe mutum huɗu a makaranta da AR-15 da ubansa ya ba shi kyauta, watanni bayan 'yan sanda sun zo har gida sun yi masu tambayoyi a kan barazanar harbi a makaranta. A Bajiniya kuwa, a Janairun 2023, ɗan shekara shida ne ya ɗauko bindigar uwarsa ya harbi malamarsa a cikin aji. Shekara shida!

Masu kare wannan tsari za su ce ai waɗannan manyan hare-hare kaɗan ne daga cikin kashe-kashen, kuma ɗan daba na titi ba kanti yake zuwa ba. Wannan gaskiya ne, sai dai ba ta wanke su. A binciken da gwamnati ta yi wa fursunoni a 2016, cikin waɗanda ke riƙe da bindiga lokacin da suka yi laifi, kashi 43 cikin 100 a kasuwar bayan fage suka samu, kashi 25 daga dangi ko aboki, kashi 10 ne kawai suka saya a kanti. To amma ita kasuwar bayan fagen, a ina take yin sari? Ba a maƙerar lungu ake ƙera Glock ba. Kusan kowace ɗaya daga masana'anta ta fito, ta shiga kanti mai lasisi, sannan ko wani mai tsabtataccen suna ya saya a madadin wanda aka hana, ko an sace ta a mota ko a gida. Hukumar ATF mai kula da makamai ta ce daga 2017 zuwa 2021 an kai rahoton satar bindigogi sama da miliyan ɗaya, kusan dukkansu daga hannun talakawan gari. A Shikago, wadda ake yawan buga misali da ita wai tsaurin doka bai hana kisa ba, rahoton hukumar birnin na 2017 ya nuna kusan shida cikin goma na bindigogin da aka kama daga wasu jihohi aka shigo da su, musamman Indiyana da ke maƙwabtaka, inda doka ke da sako-sako. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Daddawar kuwa tana da yawa. Ƙiyasin wata cibiyar bincike da ke Janeba ya nuna a 2017 akwai bindigogi kimanin miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka, wato 120 ga kowane mutum 100. Bindigogi sun fi mutane yawa. Yaman da ke biye da ita, ƙasar da ke cikin yaƙi a lokacin, ba ta kai rabin haka ba. A 2021 mutum 48,830 harsashi ya kashe a Amurka, sama da rabinsu kansu suka kashe, kusan 21,000 kuma wasu ne suka kashe su. Tun a 2020 bindiga ta ture haɗarin mota ta zama abin da ya fi kashe yara da matasa a ƙasar.

Shin mahukuntan ba su gani ba ne? Sun gani sarai. Ruwa ba ya tsami banza. Mai karatu ya bi jerin dokokin da majalisarsu ta yi, zai ga wa ake karewa. A 1986 aka haramta wa gwamnatin tarayya ajiye rajistar masu bindiga, shi ya sa cibiyar ATF da ke bin sawun makaman da aka yi laifi da su, a Martinsburg, ba a yarda ta mallaki rumbun kwamfuta da za a buga sunan mutum a nemo shi ba, sai bin takardu da hotunansu ɗaya bayan ɗaya, a ƙasar da ke leƙen wayoyin shugabannin duniya. A 1996 aka saka wani sharaɗi a kasafin kuɗi wanda ya tsorata hukumar lafiya ta CDC, ta janye daga binciken kashe-kashen bindiga sama da shekara 20. Aka kuma wajabta a goge bayanan wanda bincike ya wanke cikin awa 24. Haramcin da aka sa wa irin su AR-15 a 1994, aka bar shi ya mutu a 2004. A 2005 shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta ba masu ƙera bindiga da dillalansu kariya daga mafi yawan ƙararrakin waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa. Wata huɗu bayan Sandy Hook, ƙabarin yaran bai gama bushewa ba, aka kawo ƙudurin faɗaɗa bincike zuwa kasuwannin baje koli da cinikin intanet. Sanatoci 54 suka yarda, 46 suka ƙi, ƙudurin ya faɗi don 60 ake bukata. Bayan Uvalde ne a 2022 aka ɗan motsa, aka ƙara tsananta binciken 'yan ƙasa da shekara 21, aka mai da saya wa wani bindiga a ɓoye babban laifi. Shekarun saye dai ba a taɓa su ba.

Bayan duk wannan akwai ƙungiyar NRA ta masu rajin mallakar bindiga, wadda ta kashe sama da dala miliyan 30 don Donald Trump ya ci zaɓen 2016, wadda kuma kwana uku bayan Uvalde ta buɗe babban taronta na shekara a Hustan, cikin jihar Teksas ɗin dai, ana baje kolin makamai, 'yan siyasa na hawa mumbari. A bayanta kuma akwai masu masana'antu. Wani kwamitin majalisar wakilai ya bayyana a 2022 cewa kamfanoni biyar kacal sun sami sama da dala biliyan ɗaya cikin shekara goma daga cinikin irin waɗannan bindigogi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A nan ne ya kamata samari su buɗe ido, domin su ne kasuwar. Kamfanin Bushmaster, wanda da bindigarsa aka yi Sandy Hook, ya daɗe yana talla da hoton bindigar, yana gaya wa saurayi cewa da ita ce za a mai do masa da shaidar zama namiji. Iyalan yaran sun riƙe wannan talla suka shiga kotu ta wata 'yar kafa da dokar 2005 ta bari, suka yi shekaru suna fama, har a 2022 kamfanonin inshorar Remington, mai Bushmaster, suka yarda suka biya dala miliyan 73. Shi kuma Daniel Defense, kwanaki kaɗan kafin Uvalde, ya saka hoton ƙaramin yaro rungume da bindiga a cinyarsa, ya haɗa da wata aya ta Baibul mai magana a kan tarbiyyar yaro. Haka ake yi: a sami saurayi mai ƙunci, wanda ba aboki, ba aiki na kirki, ba mai jan kunnensa, a cika masa ido da fina-finai da wasannin kwamfuta inda jarumi shi ne mai harbi, sannan a gaya masa mazantaka tana kanti, ga farashinta. Ranar da ya aikata abin da aka yi masa talla, sai a ce mahaukaci ne, a sauke tuta ƙasa-ƙasa, a yi shiru na minti ɗaya.

Wai mahaukaci. Shin Amurka ce kaɗai ke da masu taɓin hankali? Wai kuma maganin mugu mai bindiga shi ne nagari mai bindiga, kamar yadda shugaban NRA ya faɗa mako guda bayan Sandy Hook. A Uvalde jami'an tsaro 376 ne suka taru, da makamansu da sulkensu, suka yi minti 77 kafin su kutsa ajin, yara na ciki suna bugo waya suna neman ɗauki. Idan ƙwararru 376 sun yi jinkiri a gaban AR-15 guda, malamar firamare ce za ta tare ta?

Sauran ƙasashe ma sun ɗanɗana, kuma su ma makasansu da lasisi suka yi. Mutumin da ya kashe yara 16 da malamarsu a Dunblane ta Birtaniya a 1996, bisa doka ya mallaki bindigoginsa, a shekarar da ta biyo aka haramta wa farar hula kusan duk ƙananan bindigogi. Azzalumin da ya afka wa masallatai biyu a Christchurch ta Niyuzilan ranar Juma'a 15 ga Maris 2019, ya kashe masallata 51, har da yaro ɗan shekara uku, 'yan sanda ne suka ba shi lasisi a 2017. Hukumar binciken da aka kafa ta gano waɗanda suka tsaya masa shaida su ne wani abokin wasansa na intanet da mahaifin abokin, kuma 'yan sanda ba su yi tantancewar yadda ya kamata ba. Amma cikin kwana 26 majalisar ƙasar ta haramta irin waɗannan bindigogi, da ƙuri'a 119, mutum ɗaya ne ya ƙi. Makashin Buffalo a wajen wannan azzalumi ya kwaikwayi aikinsa, ya faɗa da kansa a rubuce. Darasin kisan ya tsallaka teku ya isa Amurka, na dokar ya maƙale a hanya.

Kada kuma a ce ƙasar ba ta iya ɗaukar mataki ba ne. Ta iya, idan wanda zai sha wahalar baƙo ne. Mutum ɗaya ya ɓoye abin fashewa a takalmi a 2001, bai ma yi nasara ba, aka shafe kusan shekara 19, daga 2006 zuwa 2025, ana sa matafiya cire takalma a filayen jirginsu. Ɗan Nijeriya ɗaya ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgi a Disambar 2009, sai a Janairun 2010 aka jefa ƙasar baki ɗaya cikin jerin ƙasashe 14 da ake yi wa matafiyansu binciken ƙwaƙwaf. Amma ofishin binciken ayyukan gwamnatinsu ya nuna daga 2004 zuwa 2015, waɗanda sunansu ke cikin jerin da ake zargi da ta'addanci sun nemi sayen makami sau 2,477, an kuma ƙyale su sau 2,265. Wanda ya kashe mutum 49 a wani gidan rawa a Orlando a 2016, sau biyu FBI tana bincikarsa, ya shiga kanti ya sayi bindigogi biyu kwanaki kaɗan kafin harin. Ana tuɓe wa tsoho ɗan kasuwa hula a filin jirgi, ana miƙa wa wanda ake tuhuma makami a kanti. An bar jaki ana dukan taiki.

Wannan magana ta shafi masu cewa a yi koyi da Amurka a ba kowa bindiga. A watan Yuni 2022, wata guda bayan Uvalde, gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga don kare kai, har ta yi maganar raba fom 500 ga kowace masarauta, babban hafsan tsaron ƙasa ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Babu mai zargin manomin da aka bar shi tsakanin ɗan bindiga da yunwa don ya nemi abin kare iyalinsa, laifin na waɗanda suka karɓi amanar tsaro suka tozarta ne. Amma mai buga misali da Amurka ya faɗi labarin duka, har da inda bindigar da aka saya don ɓarawo take ƙarewa: hannun ɗan gida, ko hannun ɓarawon da kansa.

Ya kuma tambayi Meksiko abin da zama maƙwabcin wannan kasuwa ke jawowa. A duk faɗin Meksiko kantunan sayar da bindiga biyu ne kacal, duka a hannun soja, alhali a tsallaken iyaka dillalai dubun dubata ne. Cikin bindigogin da aka kama a Meksiko aka bi sawunsu daga 2014 zuwa 2018, kashi 70 cikin 100 daga Amurka suka fito, da su ƙungiyoyin safarar ƙwaya ke karkashe mutane. Tsakanin 2009 da 2011 ma jami'an ATF da gangan suka zuba ido aka tsallaka da kimanin bindigogi 2,000, wai za su bi su har wajen manyan, akasarinsu suka ɓace masu, aka tsinci biyu a inda aka kashe wani jami'insu na kan iyaka. A 2021 gwamnatin Meksiko ta kai manyan kamfanonin ƙera bindiga ƙara a kotun Amurka tana neman diyyar dala biliyan 10. A watan Yuni 2025 kotun ƙoli ta yi watsi da ƙarar, ta kafa hujja da dokar nan ta 2005. Alƙalai tara ne, ko ɗaya bai saɓa ba.